Bakin Kaka Hawa a Allon Makaranta

"Lafiya lau na wuni, ban da mijin da Allah ya jarrabe ni da shi," in ji Kaka Hawa, ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa ba.

Jikanta Zayyadu ne ya shigo, gaban rigarsa duk garin alli. Shi ke koyar da Ingilishi a wani kwaleji a Arlit. A ranar ne ansipekta, mai duba makarantu, ya zo daga Agadas ya ga yadda yake koyarwa, an kuma ce in bai gamsu ba za a tura Zayyadu can wajen Dannet. Tsohuwa kuwa ba ta da kowa a garin sai shi. Tun hantsi take juya shinkafar nan, alhali babu tsakuwa ko ɗaya a cikinta.

"Sun kore ka, ko? Ka shigo kamar akuyar da aka ƙi tayawa a kasuwa."

"Maimaita, amarya. Wannan sabo ne, ban kai shi aji ba."

"Wane aji?"

Zayyadu ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna. Ya ce a littafinsu akwai darasin kamanta abu da abu, amma misalan duk na wata duniya ne, ƙanƙara mai zubowa daga sama, jirgin ƙasa, teku. Yaran Arlit ina suka ga teku? Ya yi ta fama da su, aji ya yi tsit.

"Sai na tuna ina da wata tsohuwa a gida, ba ta iya buɗe baki ba ta kamanta mutum da wani abu ba."

"Kai! Maganata ka kwasa ka raba wa 'ya'yan mutane? Ba goro, ba sallama?"

"A allo ma na rubuta, har da mushen da yara ke kiran malami da shi. Mushe Zayyadu dogo ne kamar falwaya. Kunnuwansa kamar an buɗe ƙofofin motar ma'aikata."

"Kunnuwan ai ban yi maka ƙarya ba."

"Suka yi ta dariya, suka juya su da Ingilishi, kowace kalma a mazauninta. Daga nan kowa ya fara ƙera nasa. Wanda bai san sunan abu ba sai ya tambaya, don kada zaginsa ya lalace. Kalmomin da na kasa cusa musu, da kansu suka zo nema."

"To ai ni ce mushen. Kai ɗan riƙe alli ne."

"Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa?"

"Kai da ka iya, wa ya amsa maka?"

Ya yarda da wannan. Ita kuwa hannunta bai bar cikin faifai ba. Ta ɗan gyara murya.

"Shi baƙon naku fa? Ya sha ruwa dai ko?"

"Ya sha. Ya zauna a bayan aji, ya cire hula saboda zafi. Na ce wa zai ba mu misali. Hannuwa suka tashi ko'ina. Na nuna Fadimata, wata yarinya mai shiru-shiru. Ta miƙe ta ce da Ingilishi, kan baƙonmu yana sheƙi kamar gilashin sola da tsakar rana."

Faifan ya karkace, shinkafa ta zube a tabarma.

"Innalillahi! Shi ke nan, da bakina na kore ka."

"Ya shafa kansa. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya gyara mata kalma ɗaya, sannan ya yi dariya har da buga tebur. Da zai tafi ya gaya wa darekta, malamin da yaransa ba sa tsoron buɗe baki, a bar shi inda yake."

Kaka Hawa ta juya fuska wajen bango. Leɓenta ya ɗan jima yana motsi, ta shafa tafukanta a fuska. Da ta juyo, ta riga ta haɗe rai.

"Kash! Ni da na yi wa Kalilu mai shayi alkawarin aure in ka tafi."

"Kalilu ya tsira, bai sani ba."

Ya zaro ƙullin dabinon Aljeriya daga jakarsa ya ajiye a gabanta. "Ladan malama."

"Da wane haƙori?"

"Mai laushi na zaɓo, wanda dasashi ke iyawa."

Sannan ya sauko daga kujerar, ya durƙusa sosai, babu wasa a muryarsa. "Na gode, Kaka."

"Tashi mini, ka wani durƙusa kamar..." Ta tsaya. Ta dube shi sama da ƙasa, ta sake dubawa.

"Kamar me? Yara na jira."

Dariya ta ƙwace mata. Ta ɓare dabino ɗaya ta tura masa rabi a baki.

"Kamar ɗan halak. Amma kada ka kai wannan aji, za su ce na tsufa."