Shekarar da Jakuna Suka Ƙara Ƙarfi

A shekarar da gero ya yi tsada a Kurmin Marke, har ɓera sai da ya koyi azumi. Kasuwa ta cika da masu taya kaya, ta rasa masu saye. A Jami'ar Gindin Kuka kuwa ɗalibai suka koma cin abinci sau ɗaya a wuni, suna yi wa juna dariya wai sabon tsarin karatu ne.

Tasalla jakanya ce 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin kasuwanni. Burinta guda ne, ta sami aiki ta sauke wa mahaifiyarta, Inna Lanti, kaya daga baya. Shekara goma sha biyar tsohuwar tana dakon hatsi a kasuwar Laraba, abin da suke ci ke nan. Ita ma Tasalla duk ranar kasuwa takan ajiye littafi ta je ta taya ta.

Da kuka ya yi yawa, Sarki Zaki ya kafa doka cewa kada a ƙara ko kwabo a kan mudu. Birai, masu riƙe da kasuwar hatsi, suka ce sun ji sun bi. Kowa ya koma gida ya kifa mudunsa, ya sa dutse ya yi ta dukan gindinsa har ya lotsa ciki. Farashi bai motsa ba, mudun ne ya rame.

Gadon bayan jaki ne ya fara gane zancen, domin shi ba a yi masa wayon awo. Tasalla ta rubuta bincikenta a kai. Malaminta, Farfesa Kunkuru, ya yi wata uku yana karantawa, sannan ya tura ta gaban majalisar Sarki, inda Ministan Kasuwanni, Kura Ɗantsoho, ya yi alkawarin ba ɗalibi mafi hazaƙa aiki.

Ranar zaman, Kura ya miƙe ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki, mun karya lagon tsada. Wata shida farashi na tsaye cik. Nan gaba kaɗan kowane matashi zai sami aiki, wanda bai samu ba kuma za mu kafa kwamiti a kansa."

Zaki ya yi hamma, ya dubi Tasalla. "Ke 'yar jami'a, me kika gano?"

In ta ce ana cutar talaka a awo, aiki ya tafi. In ta yi shiru, mudu zai ci gaba da ramewa. Sai ta zaɓi ta faɗi gaskiya a kaikaice, tana zaton majalisa ba ta rasa mai hankali ko ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, bara mudu ashirin nake ɗauka ina nishi. Bana sittin nake ɗauka, har da ɗan tsalle a hanya."

Kura ya zaro ido, ya haɗiye yawu, sai kuma fuskarsa ta washe.

"Ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe. A zamaninka ƙarfin matasa ya ninka sau uku. Wannan shi ne amfanin ilimi."

Fada ta ɗauki tafi. Zaki ya ji daɗi har ya kaɗa jela. Dila, mai ba Sarki shawara, ba ya son a gama magana bai sa baki ba, ya ce tun da jaki ɗaya yanzu yana aikin uku, ajiye uku ɓarna ce. A sallami biyu cikin kowane uku, a bar matasa, tsofaffi su je su huta. Nan take aka amince. Aka ɗaura wa Tasalla jan ƙyalle a wuya, aka naɗa ta jami'ar tantance 'yan dako, aka ce ran Laraba ita za ta kai musu sanarwar da bakinta.

Ta isa kasuwa da hantsi. Inna Lanti ta hango jan ƙyallen tun daga nesa, ta taho da kaya a bayanta tana 'yar rawa.

"Sun ba ki aikin ke nan? Alhamdu lillahi. Ku zo ku ga 'yata, ta zama ma'aikaciyar fada."

Jakuna suka kewaye su, tsofaffi a gaba, kowa na yi mata barka.

"Inna, ki sauke kayan nan tukuna."

"Ina, wani sawun na jirana. Kin ga ni ma yau sittin na ɗauko, ko gezau. Faɗa mana da sauri, wane albishir kika kawo mana daga wurin Sarki?"

Duk suka miƙe kunnuwa suna jira. Tasalla ta dubi uwarta, ta tuna burinta na sauke mata kaya daga baya.