Babbar Rigata a Tayar Keken Ummi

Mantuwa ta fara kama ni yanzu, har makullin shago nakan nema alhali yana hannuna, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Ummi kwaleji ba. Ko na so in manta ma, mutanen gidana ba za su bari ba.

A lokacin muna zaune a unguwar Satwa ta Dubai, a wani ɗan fulat na ƙasan bene, ni kuma ina da shagon kargo, wato na tura kaya gida, a kasuwar Sabkha. Shekarun nan ne da Dubai ta koma filin gini, duk inda ka juya ana haƙa ko ana ɗora bene kan bene. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi suna zuwa sari, ni nake raka su ciniki, in kuma ɗaure musu kaya. Gaskiyar magana (ba yabon kai ba ne, ko da yake yabon kan ne), a layinmu babu wanda ya kai ni iya ciniki. Makamina guda ɗaya ne. In mai kaya ya kafe, sai in ce masa "khalas", wato shi ke nan, in gyara zaman hulata, in juya in kama hanya a hankali. Kafin in kai bakin ƙofa za ka ji ana kira in dawo, "Hajji, ta'al, ta'al!" Wannan dabara ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ummi ita ce 'yata ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina ba ya iya kama sunanta na yanka. Shan inna ta kama ta tana ƙarama a Kano, ta tafi da ƙafafun, ta kuma bar mata hannun dama da rauni. A keken guragu take yawo, rubutu kuma a hankali take yin sa. Amma ƙwaƙwalwa, tubarkalla. A sakandarensu ni ne bakinta. Da na ga matakala a ƙofar ɗakin karatu, zarya na yi ta yi ofishin shugaban makarantar har ya gaji da ganin fuskata ya sa aka yi gangara. Tun daga nan na ɗauka duk wata ƙofa da aka rufe wa Ummi, bakina ne makullinta.

Tana ajin ƙarshe sai makarantar ta zaɓi 'yan ɗalibai kaɗan da za su riƙa zuwa wata kwaleji da yamma suna ɗaukar darasin kwamfuta tare da manya, kuma sakamakon zai yi musu amfani in sun shiga jami'a. Sunan Ummi ya fito. Jama'a, ranar ban yi aikin kirki a shago ba. Na saya wa duk layinmu shayi, na buga waya Kano har katin ya ƙare ina tsakiyar magana, na tare wani Ba'indiye da ya zo tambayar hanya kawai na ba shi labari. Maƙwabcina Isufu, mutumin Damagaram, ya riƙe hannuna yana cewa, "Wallahi Alhaji se bon, abu ya yi kyau! Yarinya tana lise tana kuma iniversite, sakandare da jami'a a haɗe? Ai ta gama da mu." Ni kuwa baki har kunne, sai ka ce ni aka ɗauka.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Kafin a tabbatar mata da gurbin, sai ta je ofishin da ke kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman an zauna an daidaita abin da za a tanadar mata. An sa mana rana, aka kuma ce in ba a daidaita kafin fara darasi ba, gurbin zai koma hannun wani, don akwai masu jira.

Da safen ranar na ciro babbar rigata ta shadda, wadda ta sha aiki ta sha sitaci, wadda ba na sawa sai Sallah (a zafin Dubai, ku duba fa). Na fesa turare har mahaifiyar Ummi ta yi atishawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, ɗaurin aure za ka? An ce fa ita ake son ji. Don Allah ka bar ta ta yi magana."

Na ce, "Maman Ummi, wa ya sa aka yi gangara a makarantarsu?"

Ta ce, "Kai ne."

Na ce, "To, khalas."

A cikin tasi Ummi ta ce, "Baba, akwai abin da nake so in faɗa musu, maganar tebur da..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Uwata, ki kwantar da hankalinki, ki bar mini komai. Yau za ki ga aikin babanki." Ta juya tana kallon titi. Ni a zatona daɗi ne ya hana ta magana.

Kwalejin tas-tas, daɓen yana ƙyalli, sanyin na'ura har cikin ƙashi. A bakin ofishin akwai dogon benci, ɗalibai suna zaune suna jiran layi. Aka kira mu muka shiga. Jami'ar wata mata ce mai gilashi, mai sanyin murya, tana Turanci a hankali yadda har ni ina kamawa. Ta gaishe ni da mutunci, sannan ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci Ummi. Ta ce nan ba kamar sakandare ba ne, a nan ɗaliba ce take faɗin abin da take buƙata da bakinta, iyaye kuma su saurara. Na gyaɗa kai kamar na ji. A raina kuwa cewa nake, haka duk masu kaya suke fara magana.

Ta ce ta duba bayanin likita, kuma abin da za su fara da shi shi ne ƙarin lokaci a jarrabawa, rubu'in abin da ake ba sauran ɗalibai.

To, a nan ne Sabkha ta motsa a jikina. Kunnen da ya shekara yana jin farashi, in aka ce masa rubu'i, abin da yake ji shi ne farashin farko. Kuma duk ɗan kasuwa ya san ba a saye a farashin farko. Na yi 'yar dariyar nan tawa ta ciniki, na jingina da kujera, na ce, "Madam, shwayya shwayya, sannu-sannu dai. Rubu'i? A'a. Ninki biyu."

Ta ɗan buɗe ido. Ta ce ba haka ake yi ba, ana duba abin da ɗalibar take buƙata ne, kuma tana so ta ji daga bakin Ummi.

Na ce, "To mu raba, ke ki hau, ni in sauko. Rabi."

Ummi ta ja hannun rigata ta ce, "Baba."

Na yi mata alama da ido, irin wadda nake yi wa baƙon ɗan kasuwa in ya kusa ɓata mini ciniki. Na juya ga matar, na buga tafin hannu a kan teburinta (Allah Ya yafe mini, har abin ajiye alƙalumanta ya yi tsalle), na nemi farashin ƙarshe, na ce, "Madam, las firais!"

Matar ta cire gilashinta ta goge ta mayar. Ta ce, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ita ba ta da wani farashi.

Sai na ce a raina, lokacin makami ya yi. Na miƙe, na gyara hula, na kama hannun keken na ce, "Khalas. Yalla Ummi, mu tafi." Na juya ta muka nufi ƙofa, ina takawa a hankali kamar mai rakiyar amarya. Na sunkuya na raɗa mata, "Kada ki waiwaya. Yanzu za ta kira mu."

Muka kai ƙofa, ba a kira ba. Muka fita, ba a kira ba. Na tsaya na yi kamar ina gyara takalmi, na kasa kunne. Abin da na ji kawai shi ne ƙofar tana rufe kanta a bayanmu, sannu a hankali, har ta ce ƙyas. Wani saurayi da ke kan benci ya miƙe yana tattara takardunsa, shi ne na gaba a layi. Sai a lokacin na tuna akwai masu jiran gurbin nan, kuma da hannuna na turo 'yata waje. Amma girman kai bai sake ni ba, na ce bari in ƙara taku kaɗan, wataƙila sai mun kai lif, na'urar hawa bene.

Ummi ta ja birki.

Ban san ta ja ba. Na tafi da ƙarfina, tumbina ya daki hannun keken, numfashina ya ɗauke, hulata ta tashi ta faɗi tana gangarawa a kan daɓen nan mai santsi har gaban bencin ɗalibai. Hannun babbar rigar da na saɓa a kafaɗa ya zame ya faɗa cikin taya.

Ta juyo ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ko rawa ba ta yi. Ta ce, "Baba, nan ba Sabkha ba ce, ni kuma ba kwali ba ce. In suka ba wani gurbin nan, wane shago za ka kai ni?"

Ba ta jira amsa ba. Ta saki birki, ta juya keken da kanta, ta ce wa saurayin nan ya yi mata haƙuri ba ta gama ba. Shi kuma, ɗan albarka, har ƙofa ya buɗe mata. Abin da ba ta lura da shi ba, kowane juyi da tayar ta yi, sai ta ƙara naɗe rigata. Na ce, "Ummi, tsaya, rigata!" Ina! Haka na bi ta a duƙe, kai ba hula, wuya a karkace, ina 'yan gudu-gudu a gefen keke kamar akuyar da aka ɗaure a bayan amalanke. Da haka gwanin cinikin Sabkha ya koma ofishin da ya fita da izza. Ina jin ɗaliban benci suna ta fama da dariya, wata har da tari.

A durƙushe na yi sauran zaman, a gindin taya, ina ƙoƙarin kwance shadda. A saman kaina kuwa Ummi tana magana da Turancin da ban san tana da shi ba. Ta ba matar haƙuri. Ta ce rubu'in nan ya ishe ta, ba lokaci ne babbar damuwarta ba. Abin da take so shi ne tebur mai tsayin da kekenta zai shiga ƙarƙashinsa, don a sakandare a karkace take zama har bayanta ya riƙe. Tana so a bar ta ta rubuta jarrabawa da kwamfuta, domin in ta daɗe da riƙe alƙalami hannun yakan ɗauki rawa, har sai ta sa ɗayan ta danne shi. Kuma in zai yiwu, a ba ta ɗan hutu a tsakiya ta miƙe yatsunta.

Na bar kwance riga na tsaya ina ji. Wallahi ban san da maganar bayan nan ba, ban san hannun yana rawa ba. Ni da nake cika baki ni ne bakinta, ashe ban taɓa yin shiru na ji abin da bakin zai faɗa ba. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, ga kuma wani irin alfahari da ya cika mini ƙirji har na rasa wanne zan fara ji. Hawaye na so in yi, amma mutum a durƙushe da riga a cikin taya ba shi da fuskar yin kuka.

Matar ta ce duk abin da Ummi ta nema mai yiwuwa ne, kuma gurbinta yana nan. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini almakashi. Na dubi aikin da ke jikin rigar, na dubi taya, na rufe ido na yanke. Da za mu fita, saurayin nan ya miƙo mini hulata da hannu biyu.

A tasi na roƙi Ummi kada ta faɗa wa mahaifiyarta. Ta ce to. Amma mutum ya fita da riga mai hannu biyu ya dawo da mai hannu ɗaya, wane bayani zai yi? Maman Ummi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Washegari Isufu ya tare ni da murna yana tambaya, "Alhaji, yaya? Ka gama da su?" Na ce masa an daidaita, alhamdulillahi, na yi sauri na shige bayan kwalaye.

Ummi ta yi darasinta ta ci da kyau. Ni nake kai ta, amma a bakin ƙofa nake tsayawa, in za ta shiga wani ofis kuma sai in nemi benci. Rigar kuwa, Maman Ummi ta kai wa wani tela a Satwa ya yanka ta ya ɗinka matashin zama na keken, aikin yana sama. Haka 'yata ta yi ta zuwa kwaleji tana zaune a kan babbar rigata ta Sallah, kuma a gaskiya a nan rigar ta fi amfani.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka yi wa mutum ciniki, tambaye shi me ya zo saye. Har yau in muna zaune na fara amsa tambayar da ita aka yi wa, Ummi ba ta gardama da ni. Takan dube ni kawai ta ce, "Baba, in ja birki?" Sai in tattare hannun rigata in yi shiru.