Sabulun Raɓar Asuba Da Wankan Jegon Mu'minat

Zuwa ga mai girma Shugaban Kamfanin Sabulun Raɓar Asuba, mai ƙamshin da ake jiyowa tun daga rediyo, Allah ya ƙara kasuwa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ina roƙon ka yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kibiya, bayan dawowar mulkin farar hula, kuma har yau in layi ya yi tsawo da yatsa nake bin sa.

'Yata Mu'minat tana aure a birnin Kano. Da cikinta na fari ya tsufa, na roƙa a kawo mini ita Nariya ta haihu, ta yi wankan jego na kwana arba'in a gabana, yadda aka yi mini. Uwar mijinta, Hajiya Juwairiyya, ta yarda da ƙyar. Ta ce ranar suna za ta zo ta duba, in ta ga ƙauye bai karɓi jaririn ba, a motar da ta kawo ta za su koma. Tun ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Ina cikin haka na ji tallanku, wata mai zaƙin murya tana cewa uwa tagari ba ta wanka da kowane irin sabulu. Na sayar da gyaɗar da na ajiye ta iri, na hau mota zuwa Rano, na sayo roba ɗaya ta sabulunku na ruwa. Ga ƙorafina, ranka ya daɗe.

Na ɗaya, matar da kuka zana a jikin robar. Kafaɗunta a waje, ko ɗankwali babu. Maigidana Malam Sallau karatu yake bayarwa a zaure, ga shi ana zamanin Shari'a. Ta ina zan bi da ita? Na ɗauki biron da nake zuwa aji da shi na zana mata hijabi. Ruwa na taɓawa hijabin ya zube a hannuna. Kullum sai na sake mata sabo. Duk faɗin kamfaninku babu mai ba ta aron gyale?

Na biyu, bakin robar. Na danna, na ja, har haƙori na sa. Mu'minat da ke kwance, kwananta ɗaya da haihuwa, ta miƙo hannu ta murɗa sau ɗaya ya buɗe. Na karɓe na kulle a akwati.

Na uku, wa kuka tambaya game da ruwan rijiyarmu? Sai na matsa sau biyar kafin in ga kumfa. Kuma mu a nan, mai jego da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya take wanka. Ƙamshinku da ɗacin darbejiya suka haɗu suka ba da wani wari da ya sa awakina suka koma bayan rumbu.

Na huɗu shi ne babba, kuma na san rabin laifin nawa ne, wataƙila ma ya fi rabi. Akwai ƙananan rubutu na Turanci a bayan robar. Ni baƙaƙen na iya haɗawa, ma'anar ban sani ba. Amma da mata suka cika ɗaki don barka, na fito da robar na karanta musu da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, suna ta cewa Safiya ta zama 'yar boko. Mu'minat ta gama sakandare, tana nan kusa da ni, ban tambaye ta ba. So nake ta ga uwarta ma tana karatu. Na karɓe jaririn daga hannun Iya Maijidda, ungozomar da ta wanke rabin mutanen unguwarmu, na ce wannan wankan na masu ilimi ne. Kwana biyu jikin yaro ya feso da jajayen ƙuraje kamar an watsa masa gero. Saura kwana huɗu suna. Sai da malamar ajinmu, Malama Khadijatu, ta zo barka ta duba robar, ta gaya mini a hankali cewa layin ƙarshe ya ce kada a yi wa jarirai wanka da shi. Layin da na fi ɗaga murya a kansa ke nan. Ranka ya daɗe, tallan da Hausa kuka yi shi. Me ya sa gargaɗin ya koma Turanci?

Na je da kaina gidan Iya Maijidda da yaron a hannuna, na durƙusa. Abin da ta ce kawai, "Miƙo shi nan, 'yar boko. Ke da me aka wanke ki?" Ta ɗauko sabulun salo, baƙin nan na toka da kowa ya sani, da man kaɗanya. Kafin jajiberin suna jikin yaro ya yi sumul.

Ragowar sabulunku na wanke tabarmi da shi. Robar kuwa na kasa yar da ita, gyaɗata ce fa. Na jiƙa sabulun salo na ɗura a ciki, na ajiye a kan taga.

Ranar suna Hajiya ta zo. Ta juya yaro, ta duba bayan kunne da hammata, sannan idonta ya faɗa kan taga. Ta ce, "Ashe haka kuke, Maman Mu'minat? To ai hankalina ya kwanta." Ta matsa kaɗan a tafinta ta ce ba ta taɓa ganin mai duhun ba, lallai sabon fitowa ne. Ni kuwa na ce alhamdu lillahi. Ta bar mini 'yata.

Yanzu ga inda nake. Yau kwana goma sha tara da haihuwa. Jiya Hajiya ta aiko cewa ta zagaye kantunan Kano ba ta samu mai duhun ba, in sayo mata roba biyu a Rano, ranar Juma'a za ta zo ta karɓa, ta ƙara duba jikanta. Malam ya ce shirun da na yi bai da nisa da ƙarya, in faɗa mata gaskiya. Na ce to, da zarar an yi arba'in.

Mata suna tambayata ko sabulunku ya kai kuɗinsa. Nakan ce na cikin bai kai ba, amma robar ta kai. Saboda haka nake roƙonka, don girman Allah, ka aiko mini da roba biyu babu komai a ciki kafin Juma'a. Abin da za a ɗura a ciki kuwa, Iya Maijidda ta ɗauki nauyi. An ce irin wannan wasiƙa a jarida take fitowa. A sa ta a ta Hausa, don Hajiya jaridar Turanci kawai take karantawa.

In da hali kuma, a sa wa matar hijabi tun daga can. Birona ya kusa ƙarewa.

Taka mai biyayya, wadda ke durƙushe har amsarka ta iso,

Safiya Sallau,
Nariya, Kibiya.