Ƙafar Saniya a Tukunyar Lantarki

A kasuwar Agege surukata ta ɗago wata tukunyar ƙarfe mai nauyi, ta ce, "'Yar nan, wannan za ki saya." Na yi irin murmushin 'yan boko, na ce, "Hajiya, ai zamani ya wuce nan." Na zaɓi ta lantarki, wadda ke dafa nama a hankali ba sai an tsaya a kanta ba.

Ranar da dangin mijina za su zo cin abinci, na zuba ƙafar saniya tun da safe, na kunna, na tafi biki Ogba hankalina kwance. A motar haya ta danfo har wa'azi na yi wa wata mata kan wahalar gawayi. Ashe ina fita aka ɗauke wuta.

Da baƙi suka hallara, a gabansu na buɗe murfin don su sha ƙamshi. Ruwa sanyi ƙalau, albasa tana yawo a sama. Yayan mijina, wanda mahauci ne, ya leƙa ya ce, "Amarya, wannan ko yanzu aka mayar da ita kwata za ta sayu."

Shayi da burodi suka sha. Har yau, da an ɗauke wuta sai wani a dangin ya kira ni, ya tambaya ko saniyar ta nuna.