Mista Harlan Yana Jiran Wanda Ya Ci

Zuwa ga masu girma, masu daraja, Kwamitin Filayen Wasa na garinmu, a ƙarƙashin dattijo Mista Harlan Voss, Allah ya ƙara wa motarsa mai.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga manya, ni ne ɗan siririn nan mai tsaron gida a ƙungiyar ma'aikatan mayanka, masu buga tamaula ranar Lahadi a filin bayan coci. Mun ji za ku jefa ƙuri'a a malale filin da kwalta, don masu a-kori-kura su sami wurin gasa nama kafin wasanku na hular kwano, wanda ake rungumar ƙwallo a zura da gudu. Madalla. Ciyawa ai ba ta taɓa ƙosar da kowa ba. Sai dai ina da 'yan koke-koke.

Na farko. Mun gayyaci Mista Harlan ya ga wasanmu kafin ya yanke hukunci, ya kuwa zo, mun gode. Ana cikin wasa ya miƙe ya tafi sayen burodi mai nama, yana cewa, "Bari in je kafin a dawo daga talla." Ranku ya daɗe, wace talla? Mu ba ma tsayawa a saka talla kamar wasanku a talabijin. Yana can yana zaɓen yaji ɗan wasanmu Eusebio ya zura ƙwallon da tun zuwansa nan jihar Nebraska bai zura irinta ba. Laifin wa ke nan, Eusebio ko yaji?

Na biyu. An ce ba ma cin ƙwallo da yawa. Gaskiya ne. Ku kuwa, don yalwar arziki, mutum ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau ɗaya ku rubuta masa maki shida. Mun yarda mu koya. Daga yau duk ƙwallonmu shida ce, wanda ya buga da ka a ƙara masa ɗaya don ladabi.

Na uku. Misis Darlene, sakatariyarku, ta ce 'yan wasanmu na faɗuwa suna birgima kamar an harbe su. Bishal kaɗai ta gani, kuma ko a wurin aiki haka yake. Ku ba shi katifun da kuke ɗaura wa naku a kafaɗa, ku ga jarumi.

Na huɗu, shi ne babba. An tashi ɗaya da ɗaya, kowa ya kama naɗe tabarmarsa, Mista Harlan yana zaune daram. Ya kira ni ya ce, "Yaro, wa ya ci?" Na ce babu. Ya ce, "To wa aka ci?" Na ce shi ma babu. Ya cire hula ya dube ni kamar na ce masa an ɗaura aure ba ango. "A ƙasar nan ba a tashi haka. Sai wani ya yi kuka."

Tausayinsa ya kama ni, na ce masa hutun rabin lokaci ne, namu yana da ɗan tsawo, za a dawo wata Lahadin. Tun ranar, duk inda muka haɗu, ko a gidan mai, sai ya sauke gilashi: "Yaro, har yanzu hutun ne?"

Har yanzu, ranku ya daɗe. Ƙuri'arku ranar Alhamis ce, wasan kuma Lahadi. In kun zuba kwalta, shugabanku zai ƙare rayuwarsa bai san wanda ya ci ba. Mu mun saba da kunnen doki, muna barci lafiya. Shi nake ji.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa, muddin da ciyawa a wurin,

Mukhtar Aweys,
mai tsaron gida.