Layi na Biyu a Ɗakin Magani

"…ya hanya? Au, ashe bawana ne! Na ɓata gaisuwata a banza."

Hauwa'u ce, mai kula da ɗakin magani a wani ƙaramin asibiti a Kontagora. Mai shigowar kuwa Muhyiddin ne, ɗan gwaggonta, mai haɗa na'urorin sadarwa. A daminar 1998 ne. Makon da ya wuce iska ta tsinka wayar tarho, saƙon da ta tura Minna na neman maganin amai da gudawa ya maƙale cikin kwamfuta kwana uku ba ta sani ba. Mutum shida 'yan ƙauyen Kumbashi suka rasu ana jiran maganin.

"Bawa da digiri? Matsa, uwar ƙauyanci. Ke da kika taɓa yi wa fanka sallama."

"Kai da aka yaye ka da ƙyar kana shekara bakwai. Me ka kwaso mana?"

Ya durƙusa gaban akwatin da ke haɗa kwamfutar da waje. "Hanya ɗaya gare shi, ta tarho. Yau zan ƙara masa ta rediyo, na riga na kafa eriya a rufi. In tarho ya mutu, da kansa zai koma can."

"Da kansa? Kai ko buta ba ka ɗauka sai an ce ɗauka."

"Shi ya sa ban haɗa shi da halina ba."

Ba ta yi dariya ba. Daga ɗakin marasa lafiya wata mata ta fasa kuka.

"Na bakwai," in ji Hauwa'u a hankali. "Muhyiddin, ni na danna saƙon nan na tafi gida hankali kwance."

"Waya ce ta tsinke, ba ke ba." Ya ɗaure ƙusar ƙarshe. "Zo ki tura wani. Yana cikin tafiya ki fizge wayar tarhon. Ɓarna ai gadonku ce."

Ta tura, ta fizge. Fitilar jikin akwatin ta koma ja. Suka zuba mata ido, ba mai motsi. Can ta kusa da ita ta kawo kore, amsar Minna ta fito a allo.

Ta goge ido da bakin mayafi, ta janyo kwanon abincinta ta tura masa.

"Ci. Na 'yanta ka, amma zuwa la'asar kawai."