Duniyar da Farfesa Karagyozov Ya Gano

A duk garuruwan da ke gindin tsaunukan Rodopi babu mai sa'a irin namu, don mu ne Allah ya ba Farfesa Stoil Karagyozov. Ba wata jami'a ce ta ba shi farfesancin ba. Shi da kansa ya duba cancantarsa, ya ga bai dace a ci gaba da ɓata lokaci ba. Shekara ashirin ke nan yana shugabantar ɗakin kallon taurarin da ke kan tudu, mai ma'aikata biyu har da shi. A gabansa Farfesa muke cewa, a bayansa kuwa Kantoman Samaniya.

Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a shagon kofi, sai ya sha darasi.

"Kowane abu a sama da hanyarsa," in ji shi. "In ka ga ya ɗan kauce, to wani ƙaton abu ne da ba a gani yake jan sa. Haka zuciyar ƙaramin mutum take, abu kaɗan ya rikita ta. Ni kuwa ranar girgizar ƙasa ko miyata ban zubar ba."

Gaskiya ya faɗa. A kan tebur ya bar ta ya dira ta taga.

A bazarar bara ya fara auna tafiyar wani dutsen sama, sai ya ga kullum yana ɗan kaucewa daga inda lissafi ya ce. Nevena, wadda ta yi shekara sha biyar tana yi masa lissafin da yake sa wa hannu, ta auna ba ta ga komai ba. Ya ce idonta ne bai nuna ba tukuna. Kafin mako ya zagayo ya sanar wa gari cewa ya gano sabuwar duniya, kuma saboda tsabar tawali'u ya yarda a sa mata sunansa.

Magajin gari ya yi alkawarin sauya wa babban titi suna. Aka gayyato wata masaniya, Dakta Tsvetana Bozhilova, daga Sofiya babban birnin ƙasa, ta zo ta shaida. Aka gasa rago, aka jera farantan banitsa, wainarmu mai cuku, Farfesa ya yi jawabin awa biyu inda ya yafe wa magabata da suka kasa ganin abin da ya gani.

Da rana tsaka baƙuwar ta ce a kai ta ta ga madubin hangen nesan da yake awon da shi. Muka ɗunguma tudu, har da matarsa Penka, muka yi cirko-cirko a ƙofa. Dakta ta zagaya na'urar, ta ɗan taka daɓen katakon da take tsaye a kai, sannan ta nemi kofin ruwa ta ɗora a gindinta. Ta ce Nevena ta tsaya a wurin aunawa. Ruwa bai motsa ba.

"Farfesa, bismillah, tsaya inda ka saba tsayawa."

Ya tako da ƙasaita, tumbi a gaba. Katako ya yi ƙara, ruwan ya karkata gefensa, madubin ya ɗan sunkuyo kamar mai gaisuwa. Ta ce ya ja baya, ruwa ya daidaita. Sau uku ana yi.

Ta yi masa bayani a hankali cewa gungumen da ke ƙarƙashin daɓen ya ruɓe. Ƙaton abin da ke jan ma'aunin yana nan tabbas, nauyinsa zai kai kilo ɗari da talatin, amma ba a sama yake ba.

Fuskar Kantoma ta yi ja, ya lalubi kujera bai samu ba. Sai dai babban mutum ba ya rasa abin faɗa. Ya share gumi, ya juyo gare mu.

"Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Masaniyar Sofiya ta tabbatar da ƙa'idata. Na ce akwai babban abu a kusa, kuma ga shi an same shi. Ni ne mutum na farko da ya lura da wannan."

Penka ta gyara ɗankwalinta.

"Haba Stoil, kada ka ci haƙƙina," ta ce. "Ni na riga ka. Shekara talatin ke nan ina gangarowa gefenka a katifa."